Wuta Mai Rarrafe da Wuta Mai Sukuwa

Makon da abin Majiya ya faru ban koyar da darasin da na shirya ba. Na shiga aji da alli a hannu, na tarar hankalin yara duk yana kan hanyar Haɗeja. Ranar Talata ce da dare, 15 ga Oktoba 2024, tankar fetur da ta taso daga Kano ta kife a garin, cikin ƙaramar hukumar Taura. Mai ya malale cikin magudanar ruwa, jama'a suka fito da bokitai da jarkoki, can sai wuta ta tashi. Waɗanda suka rasu sun haura 150, adadin kuma ya yi ta hawa yayin da masu ƙuna ke cikawa a asibitoci. Allah ya jiƙansu, ya ba iyalansu haƙuri.

Wani yaro a bencin baya, wanda bai cika magana ba, ya ɗaga hannu. "Malam, wai fetur bam ne? Na ji a rediyo an ce tankar fashewa ta yi."

Na ce masa ba bam ba ne. Ya ce to me ya kashe mutane haka? Na yi ta kame-kame har aka buga ƙararrawa. Bashin amsar nan nake so in biya yau.

Matsalar daga bakinmu ta faro. Kalma ɗaya gare mu, fashewa, mun kuwa ɗora mata kayan da ya fi ƙarfinta: taya ta fashe, tulu ya fashe, tukunyar gas ta fashe, nakiya ta fashe, har maruru fashewa yake yi. Masana kimiyyar wuta kuwa sun raba ƙunar da ke tafiya cikin iska gida biyu, kuma ratar da ke tsakanin biyun ta fi ta jaki da jirgin sama. A aji nakan kira ɗaya wuta mai rarrafe, ɗayar kuma wuta mai sukuwa, wadda Turawa ke ce wa detoneshan. Mai iri ɗaya na iya yin kowacce. Abin da ya raba su shi ne ɗan aiken da wurin da ya kama yake turawa ga maƙwabcinsa ya ce masa shi ma ya kama.

Duk wanda ya taɓa tsayawa gefen gona da hunturu yana kallon wuta na cin karan dawa, ya ga mai rarrafe da idonsa. Karan da ke ci yana gasa na kusa da shi, ya busar masa da ɗan sauran danshi, ya sa shi fitar da hayaƙi mai kamawa, shi ma ya kama ya gasa na gaba. Zafi ne ɗan aike. A cikin iskar da ta gauraya da tururin fetur ko gas ɗin girki ma haka abin yake, sai dai a ƙanƙance. Goshin wutar wani siririn labule ne da kaurinsa bai kai milimita ɗaya ba, yana ɗumama iskar da ke gabansa har ta kama. In iskar a kwance take, ba motsi, saurin labulen nan wajen santimita 40 ne a sakan ɗaya. Tsohuwa mai dogara sanda sai ta tsere masa.

Tunda zafi ne ɗan aiken, in ka tare shi a hanya wuta ta mutu. Ina nuna wa yara wannan da kyandir da guntuwar ragar ƙarfe. Ka sauke ragar a hankali a kan harshen wutar, sai ka ga ya lotse a ƙarƙashi kamar an danna masa hula. Hayaƙi na wucewa ta ramukan, harshen kuwa ya ƙi ƙetarawa. Ka kawo ashana a saman ragar, hayaƙin ya kama, ga wuta sama ga wuta ƙasa. Ƙarfen ne ke zuƙe zafin kafin ya isa inda aka aike shi. Da wannan dabara Humphry Davy ya ƙera fitilar masu haƙar kwal a Ingila a 1815, ya lulluɓe harshenta da raga don kada ta tayar da gas ɗin da ke taruwa a rami.

Sai abu na biyu: ruwan fetur ba ya ci, tururinsa ke ci, shi ma sai ya sami iska daidai wa daida. In tururin bai kai kashi 1.4 cikin 100 na iskar ba, ko ka ƙyasta ashana ba zai kama ba. In ya haura wajen kashi 7.6, nan ma ya yi kauri, babu isasshiyar iskar da za ta ciyar da shi. Tsakanin nan ajali yake zaune. Shi ya sa mai walda da ya san aikinsa ya fi shakkar tankin babur da aka juye sarai a kan wanda ke cike, kuma ba ya kai masa wuta sai ya ɗauraye shi ya cika shi da ruwa. Tankin da ake ce wa ba komai a cikinsa, shi ne maƙare da gaurin da ake gudu. Fitila da risho ma kan wannan ma'auni suke. Kananzir ba ya ba da isasshen tururi sai zafinsa ya kai wajen digiri 38, dizal sai ya haura 50, fetur kuwa ko sanyi ya yi ƙasa da sifili da digiri 40 yana bayarwa. Zallar kananzir a tankin fitila tururinsa ya yi kaɗan, zallar fetur nasa ya yi yawa. Wanda aka yi wa algus, kananzir da ɗan fetur a ciki, shi ne ke faɗawa tsakiya, sai a ji wance ta zo ƙara wa fitila mai ta tashi da ita.

To a koma bakin magudanar nan. Tururin fetur ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu, don haka ba ya tashi sama kamar hayaƙin murhu. Malala yake yi irin ta ruwa, yana bin gangare, yana taruwa a kwata da ƙarƙashin kwalbati, ido ba ya ganinsa. Duk bokitin da aka tsoma, duk juyin da aka yi daga bokiti zuwa jarka, ƙarin tururi ne. Wanda ya sunkuya yana kamfata, a cikin gajimaren yake tsundum, rigarsa kuma ta sha mai. A irin wannan masifa akan yi ta tambayar wa ya kunna sigari, wa ya ƙyasta ashana. Ni ban ga abin da tambayar ke tsinanawa ba. Tartsatsin da ake bukata a tayar da wannan gauri wajen rubu'in milijul ne, wato wani ɗan ƙaramin ma'aunin makamashi, abu ɗan mitsitsi: ɗan ƙyas ɗin da kake ji a jikinka in ka tuɓe rigar sanyi ta roba da hunturu ya ninka shi. A taron ɗaruruwan mutane cikin duhu, ga babura na isowa, ga ƙarfe na gugar dutse, tartsatsi ba ya wuyar samu.

Amma in santimita 40 ne a sakan, me ya hana mutane gudu? Nan ne na kasa amsa wa yaron ranar nan. Iskar da ta ƙone, zafinta na kaiwa wajen digiri 2,000, sai ta kumbura ta ninka girmanta sau bakwai ko takwas, ta tura labulen daga baya. Kamar mutum ne yana takawa a hankali cikin kwalekwalen da ruwa ke ja da ƙarfi: shi tafiya yake, na bakin gaɓa kuwa gudu yake gani. Sannan iskar waje ba ta taɓa kwanciya lumui. Da ta hargitse, labulen sai ya yamutse ya yi lanƙwasa a kan lanƙwasa, bakin da yake ci da shi ya yawaita, saurinsa ya ninku.

Injin ban-ruwa da ke ruri a fadama shaida ne a kan haka. Ƙaramin injin fetur irin mai inci uku yana juyawa wajen sau 3,600 a minti, wato sau 60 a sakan, faɗin silindarsa kuma bai kai santimita 7 ba. Da wutar da fulogi ya tayar za ta bi saurinta na kwance, kafin ta kai bango daga tsakiya injin ya juya sau biyar, aiki ya ɓaci. Abin da ya cece shi ita ce guguwar da fistan da bawul ke tayarwa a ciki, wadda ke kai wutar mita 10 zuwa 25 a sakan. Duk da wannan sauri, har yanzu rarrafe ne, don zafi ne dai ke kai saƙo.

In kuma aka kulle mai rarrafe a ɗaki, kumburin ya rasa mafita, sai ya koma matsi, har yakan ninka matsin iska sau takwas. Ba ma sai ya kai nan ba. Iskar da muke zaune a cikinta tana danna kowane murabba'in mita da nauyin kusan tan 10, ba ma ji ne don ta ko'ina take dannawa. A ƙara kashi ɗaya cikin goma kacal a gefe guda na ƙofa mai murabba'in mita biyu, tamkar an jibga mata buhun masara 20 ne lokaci guda. Yawancin fashewar gas da ke yaye kwanon ɗaki ta jefar da ƙofa tsakar gida, irin wannan ce.

Mai sukuwa kuwa ba za a gane ta ba sai an biyo ta kan sauti. Sauti ture-ture ne: ƙwayoyin iska na nan su ture na gaba, na gaba su ture na gabansu. Saurin ture-turen nan mita 343 ne a sakan in zafin iska digiri 20 ne. A tsakiyar bazararmu, da zafi ya kai 40, yakan kai 355, don iska mai zafi ta fi saurin kai labari. A riƙe wannan, za mu bukace shi. Da sauti iska ke gaya wa 'yar'uwarta cewa ga abu nan tafe, a ba da hanya. Shi ya sa mai rarrafe a fili ba ta cika tara matsi ba: labarinta ya riga ta isa, iskar gaba ta matsa.

To idan abu ya riga labarinsa isa fa? Ɗauko buta da babban faranti. Ajiye farantin a ƙasa, ka riƙa tsiyaya ruwa a tsakiyarsa daga ɗan sama, ba yankewa. Za ka ga ruwan ya bazu siriri, sumul, da gudu, sannan a wani zobe da ya kewaye wurin sai ya yi tsalle farat ɗaya, ya yi kauri, ya rage gudu. Taɓa ruwan da tsinke a cikin zoben. Igiyar da ka tayar ba za ta iya komawa wajen da ruwan ke zuba ba, don ruwan ya fi ta sauri, sai dai ya kwashe ta ya yi gaba. A wajen zoben kuwa bazuwa take yi ta kowane gefe. Ruwan ciki ba shi da labarin abin da ke gabansa sai ya yi karo da shi. Wannan zobe ɗan'uwan abin da ke faruwa a iska ne, lissafinsu ma kamar an tsaga kara. Na iskar shi nake kira katangar iska.

Yadda katangar ke gina kanta shi ya fi burge ni a duk fannin. A ce an bankaɗi iska da ƙarfi. Turin farko ya tafi da saurin sauti, ya bar iskar bayansa a matse, da ɗan ɗumi, tana kuma gangarawa gaba. Turi na biyu ta cikin wannan iska mai ɗumi zai bi, don haka ya fi na farko sauri. Na uku ya fi na biyu. Na baya na ta cim ma na gaba, kamar garken shanu a burtali, na gaba na nawa na baya na sauri, har su dunƙule wuri guda. Sai duk turin ya haɗu ya zama fuska ɗaya. A gabanta iska na zaune lafiya ba ta san hawa ba ta san sauka ba, a bayanta matsi da zafi sun yi tsalle. Silin gashi ya fi fuskar nan kauri sau ɗaruruwa, kuma kullum ta fi sauti gudu. William Rankine a 1870 da Pierre-Henri Hugoniot a 1887 su suka fitar da lissafin tsallen, ba tare da sun leƙa abin da ke wakana cikin siririn wurin ba. Hujjarsu ita ce duk abin da ya shiga ta gaba dole ya fita ta baya, yawan iskar ne, ƙarfin turinta ne, ko makamashinta. A 1887 ɗin dai Ernst Mach da Peter Salcher suka fitar da hoton katangar da ke gaban harsashi yana tafiya.

Mu ma muna jin ta ba mu sani ba. Mai amalanken shanu ya kaɗa bulala a iska ta ce tas, alhali ba ta doki komai ba: bakin bulalar ne ya wuce saurin sauti. Tsawa ma ita ce. Walƙiya na zafafa siririyar hanyarta zuwa wajen digiri 30,000, sau biyar zafin fuskar rana, iskar wurin ta buɗe da ƙarfin tsiya. A kusa katanga ce, amma ba ta nisa take gajiya ta koma sauti zalla, shi ya sa ƙidayar nan ke aiki, sakan uku tsakanin walƙiya da tsawa kilomita ɗaya ke nan. Wanda ya ga bidiyon tashar jiragen ruwa ta Bairut, ranar 4 ga Agusta 2020, inda wajen tan 2,750 na sinadarin amoniyam naitret ya tashi ya hallaka sama da mutum 200, zai tuna farar ƙwaryar nan da ta buɗe ta ɓace nan take. Sawun katangar ne: a bayanta matsi ya faɗi, iska ta yi sanyi, danshin teku ya zama gajimare na ɗan lokaci.

Katangar da ba ta da mai ciyar da ita mutuwa take yi. Amma a ce ta ratsa iskar da ke gauraye da mai. Matsar da ta yi wa gaurin farat ɗaya sai ta zafafa shi har ya kama da kansa, ba fulogi ba ashana, yadda injin niƙa mai dizal ke kunna mansa da matsi kaɗai. Abin da ya kama ya kumbura ya tura katangar daga baya, ta sami ƙarfin matse na gaba. Katanga na kunna wuta, wuta na ciyar da katanga, cuɗe-ni-in-cuɗe-ka. An sallami zafi daga aikin aike, matsi ya karɓa. Gaurin nan da ke jan ciki santimita 40 a sakan, in ya hau wannan doki, wajen mita 1,800 yake yi, sau biyar saurin sauti, matsinsa kuma ya ninka na iska sau 15 zuwa 20. Ragar kyandir ba ta tare wannan.

A Faransa aka fara gano wuta mai sukuwa, a 1881, lokacin da gobarar ramukan kwal ta addabi ƙasar. Berthelot da Vieille a gefe guda, Mallard da Le Chatelier a ɗaya gefen, suna kunna gas a dogayen bututai, sai suka ga wuta ta faro a hankali, can ta ɓalle da wani saurin da ba ya ƙaruwa ba ya raguwa. David Chapman a Ingila a 1899 da Émile Jouguet a Faransa a 1905 suka bayyana dalilin tsayuwar saurin. Cikin duk saurin da lissafi ya yarda da shi, wutar kan zauna a kan wanda hayaƙin bayanta ke rabuwa da ita da saurin sauti daidai. Ma'anarsa, duk abin da ya faru a baya, ko bututun ne ya tsage matsi ya zube, labarin ba zai taɓa cim mata ba. Dokin ya ƙwace, ba ya jin kira. Sai a tsakiyar yaƙin duniya na biyu mutum uku suka zana abin da ke cikinta, kowa shi kaɗai a ƙasarsa: Zeldovich a Tarayyar Sobiyet a 1940, von Neumann a Amurka a 1942, Döring a Jamus a 1943. Katanga a gaba, ɗan jinkiri a tsakiya kafin man ya amsa, sannan wuta. Ba sai an faɗi abin da ya sa gwamnatoci ke son wannan ilimi a shekarun nan ba.

Akwai lissafin da yara ba sa yarda da shi sai na rubuta a allo. Kilo ɗaya na fetur, in ya ƙone sarai, yana ba da makamashin da ya ninka na kilo ɗaya na nakiyar TNT wajen sau goma. Fetur ya fi ƙarfi, sai dai maroƙi ne, dole ya jira iska. Lita ɗaya tana bukatar wajen lita 9,000 ta iska, jarka mai lita 25 guda 360 ke nan. Nakiya kuwa da guzurinta na oksijin take tafe a jikinta, kuma sukuwa na ratsa TNT da saurin mita 6,900 a sakan. Sanda mai tsawon taƙi ɗaya ta gama ci cikin kashi ɗaya bisa 35,000 na sakan. Ƙarfinta kaɗan ne, amma a dunƙule take sakinsa.

Kawuna, wanda ya yi farauta da harbi-ka-ruga tun ba a haife ni ba, kuma har ƙarfinsa ya ƙare yana shiga cikin 'yan bindiga ranar hawan sallah, ya taɓa taƙaice min wannan darasi ba tare da ya taɓa zama a aji ba. Ya ce, "Ɗana, albarushi turi yake yi, nakiya mari." Gaskiyarsa. Albarushi shi ma da oksijin ɗinsa yake tafe, amma mai rarrafe ne, ƙwaya na kunna ƙwaya da zafi, hayaƙin ya taru ya raka harsashi har bakin bindiga. Rugugin da ke firgita dawaki a ƙofar fada katangar iska ce, amma ta hayaƙin da aka saka ne gaba ɗaya. Da abu mai sukuwa aka ɗura, ƙarfen zai tarwatse kafin harsashin ya motsa. Wannan marin shi masu fasa manyan duwatsu irin na kewayen Dutse ke saye da kuɗinsu.

Shin mai rarrafe na iya rikiɗa ta zama mai sukuwa? Tana iyawa, in ta sami bututu ko wuri mai cikas. Kumburin baya ya tura iskar gaba, iskar ta yi karo da cikas ta hargitse, wutar ta iso ta tarar da hargitsi ta ƙara sauri, ta ƙara turi. Haka abin ke ta ciyar da kansa har turin ya dunƙule ya zama katanga, sai wani lungu tsakanin katangar da wutar ya kama da kansa, sukuwa ta fara. Masanin Sobiyet Kirill Shchelkin ya nuna cewa murɗaɗɗiyar waya kawai ka zura a bututu ta isa ta gaggauta wannan rikiɗa.

An daɗe ana zaton tururin fetur a fili ba zai yi haka ba, sai da abin Buncefield ya faru. Wata ma'ajiyar mai ce arewa da Landan. Da asubahin Lahadi, 11 ga Disamba 2005, wani tanki ya cika ya tumbatsa, sama da lita 250,000 ta kwarara, ga gari ya yi tsit ba iska, tururi ya shimfiɗu ya rufe fili. Da ya kama, ya murƙushe motoci ya ragargaza gine-gine fiye da duk abin da lissafin masana ya yi hasashe. Bincike ya kai su ga abin da ba wanda ya yi wa kallon haɗari: jerin bishiyoyi da sarƙaƙƙiyar da ke gefen hanya, su suka yi aikin wayar Shchelkin. Sama da mutum 40 suka ji rauni, amma ba a rasa rai ko ɗaya ba, don ranar hutu ce, ofisoshin wurin ba kowa.

A ajiye wannan kusa da Majiya. Can an yi mafi munin nau'in fashewa, ba a binne kowa ba. Nan ƙuna ce ta ci mutane, har aka yi kabarin bai-ɗaya. Kunnenmu ƙara yake bi, shi ya sa yaron ya tambayi bam. Wutar da ta fi cin rai a hanyoyinmu kuwa ba ta bukatar sukuwa, tururi shimfiɗe take nema da mutane tsaye a cikinsa.

Da na koma wa ajin da wannan bayani, na nuna musu wani hoto a waya. A ƙarshen shekarun 1950 masana a Tarayyar Sobiyet suka gano cewa goshin mai sukuwa ba sumul yake ba. In ka shafe farantin ƙarfe da baƙin hayaƙi, irin wanda ke taruwa a ƙwan fitila, ka sa a bututu, wutar in ta wuce sai ta bar zane a jiki, don ƙananan katangu ne ke ta kai da komo a goshinta suna karo da juna. Yaron nan na bencin baya ya duba ya ce, "Malam, ai jikin karfasa ne." Haka kuwa yake, ɓawo a kan ɓawo. Girman ɓawon kuma shi ke nuna saurin fushin gas: in manya ne, sai da wuri mai faɗi da bugu mai ƙarfi yake sukuwa, in ƙanana ne ko a matsattsen wuri yana yi. Na gas ɗin ramin kwal wajen santimita 30 ne. Na furofen, ɗaya daga cikin gas ɗin tukunyar girki, wajen 5 zuwa 7. Na asitilin bai wuce santimita ɗaya ba, in kuma aka haɗa shi da zallar oksijin ko milimita ɗaya bai kai ba.

Asitilin kuwa ba baƙo ba ne a ƙauyukanmu. Shi ne gas ɗin da ke tashi in an zuba wa kabaid ruwa, wanda masu gyaran salansa da lagireto ke walda da shi. Ke nan abin da ya fi kusa da sukuwa ta gaske a garinmu, a rumfar mai walda ta bakin tasha yake, cikin wata tukunyar ƙarfe da aka haɗa a gida, da tiyo biyu, ɗaya daga ita ɗaya daga tulun oksijin. In bakin waldar ya toshe ko ya yi zafi, sai ka ji ya ce tau, wani lokaci har da fito: wuta ce ta juya tana neman hanyar komawa cikin tiyo. A tsakanin tiyon da tukunyar akwai wani ɗan gwangwani mai ruwa, wanda gas ɗin ke ratsawa ƙwal-ƙwal, kumfa bayan kumfa, kowace a ware da 'yar'uwarta. Wutar da ta biyo baya in ta iso nan sai ta tarar hanya ta yanke.

Na tambayi mai rumfar ko ya san aikin gwangwanin. Yana tsugune yana kwance salansar wani babur, ko ɗagowa bai yi ba. Ya ce, "Wallahi Malam, ni dai maigidana cewa ya yi kar in kuskura in kunna ban duba ruwan nan ba." Ya ƙwala wa yaronsa kira, yaron ya girgiza gwangwanin a kusa da kunnensa, ya ɗauko buta ya ƙara.